Dashen haƙori da jagorancin kwamfuta: kowa ya ce ya sani, amma su wa ke yi?

Sabuwar Likitar Haƙori ta rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman a haska mini hanya a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun lokacin da na fara tsara ɗan binciken da aka ɗora mini a matsayin sharaɗin kammala horona. Binciken ya shafi yadda likitocin haƙori suka san dabarun aiki da jagorancin kwamfuta, musamman a wajen dashen haƙori, da kuma ko suna amfani da su a aikinsu na yau da kullum.

Kafin in rubuta takardar tambayoyin, na zauna da wasu abokan aiki ɗaya bayan ɗaya domin in ji irin amsoshin da zan iya samu. Duk wanda na tambaya ko ya san ana iya tsara wurin dashe a kwamfuta, a kuma ƙera farantin jagora wanda zai hau kan haƙora ya riƙe mahuji a daidai kusurwar da aka tsara, sai ya ce ya sani sarai, wasu ma har sukan jero mini sunayen manhajoji. Amma da na tambayi ko sun taɓa ɗaukar aiki guda su tsara shi da hannunsu, tun daga hoton ƙashi har zuwa saka ƙusa, wato ƙarfen da ake dasawa a ƙashi a madadin saiwar haƙori, a bakin majinyaci, sai magana ta canja: wani ya ce ya gani a taro, wani ya ce ya kalli bidiyo, wani kuma ya ce ba ya ganin buƙatarsa.

Abin da nake son fahimta shi ne me ke tsakanin wannan sani da aikin kansa. Tsadar na'urori ce kaɗai, ko rashin horo, ko kuwa akwai wani dalili na sana'a da ke sa ƙwararru ja da baya wanda mu ƙanana ba mu kai ga ganinsa ba? Sannan idan kowa zai amsa da cewa ya sani, ta yaya zan tsara tambayata har ta bambance mai sani na haƙiƙa da wanda kunne kawai ya jiye masa?

Likitan Tiyatar Baki da Muƙamuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Likita. Tambayarki tana da kyau, kuma zan ɗan tsawaita, domin ina ganin amsarta tana cikin yadda dabarar ta taso.

A lokacin da Per-Ingvar Brånemark ya dasa ƙusoshin titaniyam a muƙamuƙin majinyacinsa na farko a Suwidin a shekarar 1965, babbar damuwar ita ce ko ƙashi zai karɓi ƙarfen ya kama shi. Shekaru masu yawa bayan haka likita yana bin ƙashi ne: inda ya ga ƙashi mai kauri nan yake dasawa, sannan a bar wa mai ƙera hular haƙori ya san yadda zai yi da abin da aka ba shi. Daga baya tunani ya juya, aka ce a fara tantance inda haƙorin ƙarshe ya kamata ya tsaya, sannan a koma baya a nemi inda ƙusa za ta zauna domin ta ɗauke shi. Wannan juyin tunanin shi ne asalin buƙatar kwamfuta, domin ba za a iya duban ƙashi da jijiya da haƙorin da bai wanzu ba tukuna a lokaci guda da ido kawai ba. Manhajar SimPlant ta fito a 1993 tana aiki da hoton CT irin na manyan asibitoci, sai kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka samu na'urar CBCT ta farko da aka ƙera domin baki da muƙamuƙi, wato NewTom da aka yi a birnin Berona na Italiya, wadda ta kawo hoto mai nuna tsayi da faɗi da zurfi kusa da kujerar likitan haƙori. A 2005 kamfanin Nobel Biocare ya fito da nasa tsarin dashe da farantin jagora mai suna NobelGuide. Kin ga ke nan dabarar ta kai shekara ashirin a kasuwa, don haka ba abin mamaki ba ne kowa ya ji labarinta.

To, abin da tallace-tallace ba su cika faɗi ba shi ne cewa aikin sarƙa ce mai ɗauke da matakai da yawa, kuma kowane mataki yana ƙara nasa ɗan kuskuren a kan na baya. Majinyaci yana iya motsi kaɗan a lokacin ɗaukar hoto. Ƙarfen da ke bakinsa, kamar tsohuwar hula ko cikon haƙori, yana watsa haske ya ɓata gefen hoton. Sai a zo haɗa hoton ƙashi da siffar haƙora da aka ɗauka da sikana, nan ma ana iya samun ɗan zamewa. Firintar da za ta fitar da farantin tana da nata gibin, zoben ƙarfen da mahuji ke ratsawa dole ya fi mahujin faɗi kaɗan in ba haka ba ba zai juya ba, kuma a ƙarshe farantin kansa yana iya ƙin zama daram a baki. A taron daidaita ra'ayi da ITI, ƙungiyar ƙwararrun dashen haƙori ta ƙasa da ƙasa, ta yi a Amsterdam a 2018, an tattara binciken da aka yi a kan majinyata aka samu cewa matsakaicin kaucewa daga abin da aka tsara ya kai milimita 1.2 a wurin shigar ƙusa, milimita 1.4 a ƙarshenta, da digiri 3.5 a kusurwa, kuma saboda haka suka ba da shawarar a riƙa barin tazarar milimita 2 tsakanin ƙusa da duk wani abu mai haɗari. Ki lura cewa matsakaici ne wannan, ma'ana akwai ayyukan da kaucewarsu ta fi haka nesa ba kusa ba, musamman a bakin da babu haƙori ko ɗaya, inda farantin ke zama a kan dasashi mai laushi da ke lotsawa.

Ni ina amfani da dabarar, kuma a wasu ayyuka ba zan yarda in yi ba tare da ita ba: idan zan dasa ƙusoshi da yawa waɗanda dole su daidaita da juna, idan wurin haƙoran gaba ne inda karkatar digiri kaɗan ke bayyana a murmushin mutum, ko idan jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa ta matso kusa. Amma likitan da ya ɗauka cewa abin da ya gani a allon kwamfuta shi ne zai faru a baki ba tare da bambanci ba, har ya tsara ƙusa rabin milimita daga jijiya, ya fi wanda bai taɓa jin labarin dabarar ba haɗari, domin shi wanda bai san dabarar ba aƙalla tsoro yana sa shi taka tsantsan. Don haka idan da ni ne ke tsara takardarki, zan tambayi likita tazarar da yake bari tsakanin ƙusa da jijiya idan yana aiki da faranti, da kuma irin farantin da ya fi daidaito tsakanin mai zama a kan haƙora da mai zama a kan dasashi. Amsoshin waɗannan biyun za su nuna miki wanda ya sani.

Mai Ƙera Haƙori a Ɗakin Ƙira ya amsa:

Da izinin Likita babba, zan ƙara abin da muke gani daga ɓangarenmu, domin sau da yawa idan ana ƙidayar waɗanda suka rungumi wannan dabara ana mantawa da cewa wani ne daban ke zaune a gaban kwamfutar.

Akwai likitocin da za su cika miki takarda su ce suna amfani da jagorancin kwamfuta, kuma ba ƙarya suka yi ba, amma abin da ke faruwa shi ne sukan aiko mana da fayil biyu, na DICOM mai ɗauke da hoton ƙashi da na STL mai ɗauke da siffar haƙora, mu haɗa su, mu zana hanyar jijiya, mu zaɓi tsawon ƙusa da kaurinta, mu aika musu da hoton tsarin, su kuma su amsa da kalma ɗaya cewa a ci gaba. Ni na san ƙirar haƙori, na san inda hula za ta zauna da kyau, amma ban taɓa riƙe mahuji a bakin mutum ba, kuma ban ga majinyacin ba balle in san ko yana iya buɗe bakinsa sosai. Na taɓa samun aikin da haɗin fayilolin biyu ya zame saboda hulunan ƙarfe da suka cika bakin majinyacin, manhajar kuma ta karɓi haɗin ba tare da wani gargaɗi ba. Allah ya taimaka na duba yanka-yankan hoton ɗaya bayan ɗaya na ga layin siffar haƙora bai hau kan haƙoran da ke hoton ƙashi ba. Likitan da ya aiko aikin ya riga ya amince da tsarin farko, kuma da na kira shi na yi masa bayani sai na fahimci bai san cewa ana duba wannan matakin ba.

Saboda haka, Likita, ina ba ki shawara ki raba tambayar amfani gida biyu: wanda ke tsarawa da kansa, da wanda ake tsara masa ya sa hannu. Dukansu suna aiki da faranti, amma nauyin duk abin da ya faru yana kan likitan da ya yi tiyatar, ko da wani ne ya zana.

Game da tsada kuma, gaskiya ce tana hana mutane, sai dai ta ragu sosai a kan yadda take a da, tun da ƙananan firintoci masu aiki da ruwan roba suka yawaita, kuma ba dole ba ne likita ya mallaki na'urar CBCT tasa, yana iya tura majinyaci cibiyar hoto. Abin da na ga ya fi tsada a wurin likitoci shi ne lokaci. Aikin farko da mutum zai tsara da kansa yana iya cinye masa yammaci guda, alhali da hannu zai gama dashen a ƙasa da sa'a ɗaya.

Tsohon Hannu a Dashe ya amsa:

Ni ina cikin waɗanda takardarki za ta rubuta a matsayin waɗanda suka sani amma ba su cika amfani ba, kuma ina so in bayyana dalilina domin kada a ɗauka cewa duk wanda ya ja baya tsoron sabon abu ne ya hana shi.

Na farko, batun zafi. Tun a 1983 binciken Eriksson da Albrektsson ya nuna cewa idan ƙashi ya kai digiri 47 na ma'aunin Salshiyos na tsawon minti ɗaya, yana iya lalacewa ya ƙi kama ƙusa. Abin da ke kare mu daga wannan shi ne ruwan da ke zuba a kan mahuji yana sanyaya shi, farantin jagora kuwa yana tsayawa tsakanin ruwan da wurin da ake hudawa. Ana iya magance wannan da hudawa a hankali ana ɗagawa ana mayarwa, amma sai wanda ya san matsalar zai yi hakan. Na biyu, faranti da zobensa suna ƙara tsayi, don haka mahujin ya fi na yau da kullum tsawo, kuma a wurin turamen can baya majinyata da yawa ba sa iya buɗe baki har ya shiga. Na taɓa tsayawa da faranti a hannu, an riga an yi allurar kashe zafi, mahuji ya ƙi shiga tsakanin muƙamuƙan biyu, dole na ajiye shi na buɗe dasashi na yi aikin kamar yadda na saba. Da ban iya aikin hannu ba, da a ranar sai dai a sallami majinyacin. Na uku, hoton CBCT yana ɗora wa mutum hasken eksire fiye da hoton muƙamuƙi na yau da kullum, kuma ƙa'idarmu ita ce kada a ɗora wa majinyaci haske sai gwargwadon abin da ya zama dole.

Idan turmi ɗaya ne ya faɗi, ƙashi yana da faɗi, haƙoran gefe suna tsaye suna nuna mini hanya, ban ga abin da faranti zai ƙara wa majinyacin ba illa jira da kuɗi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da ke damuna shi ne matasan da ke koyon faranti kafin su koyi buɗe dasashi da jin taurin ƙashi a hannunsu, domin ranar da faranti ya ƙi zama ko ya tsage, ba su da abin komawa.

Malama a Tsangayar Haƙori ta amsa:

Ina girmama ra'ayin Malam da ya gabace ni, kuma na yarda da shi a kan tsarin koyo, amma ina da ɗan ja a kan batun ido. Gwaje-gwajen da aka kwatanta aikin hannu da aikin faranti sun yi ta nuna cewa faranti ya fi kusantar abin da aka tsara, kuma bambancin ya fi fitowa a kusurwa, wadda ita ce ido ya fi yaudaruwa a kanta idan likita na tsaye a gefen majinyaci yana leƙen bayan baki. Abin da za a iya yin muhawara a kansa shi ne ko wannan ƙarin daidaito yana canja wani abu ga majinyaci a aiki mai sauƙi, kuma a nan hujjar Malam tana da ƙarfi.

Ke kuma, ƙanwata, matsalar da kika ci karo da ita tsohuwa ce a nazarin yadda sababbin dabaru ke yaɗuwa. Everett Rogers, wanda ya fara wallafa nazarinsa a kan wannan fanni a 1962, ya bambance sani iri uku: sanin cewa abu ya wanzu, sanin yadda ake aiki da shi, da sanin dalilin da ya sa yake aiki. Yawancin takardun tambayoyi na farkon kawai suke aunawa, shi ya sa sakamakonsu kan fito da yawan masu sani da ƙarancin masu yi, sai a ɗora laifin a kan tsada a rufe magana. Ki kuma tuna cewa wanda ke sha'awar fasaha shi ya fi saurin amsa takarda a kan fasaha, musamman idan ta intanet aka aika, don haka adadin da za ki samu zai iya fin gaskiya.

Akwai kuma buƙatar ki fayyace abin da kike nufi da jagorancin kwamfuta, domin kalmar tana da faɗi. Likitan da ke ƙera hula a gefen kujera da na'urar CEREC, wadda Werner Mörmann da Marco Brandestini suka fara gwadawa a kan majinyaci a Jami'ar Zurik a 1985, zai ce yana amfani da ita. Mai daidaita haƙora da robobi masu haske irin na Invisalign shi ma zai ce haka, haka nan mai jinyar jijiyar haƙori da ke amfani da ƙaramin faranti domin gano hanyar da ta toshe. A dashen kansa ma akwai faranti mai zama wuri ɗaya, akwai kuma na'urori irin su X-Guide da Navident waɗanda ke bin motsin mahuji da kyamara suna nuna wa likita a allo, har da mutum-mutumin Yomi na Amurka da ke riƙe hannun likita a kan hanyar da aka tsara. Waɗannan na ƙarshe suna buƙatar likita ya koyi duban allo alhali hannunsa na cikin baki, abin da ke ɗaukar lokaci kafin ya zama jiki. Idan kika haɗa su duka a tambaya ɗaya, amsar ba za ta gaya miki komai ba.

A tsangayoyi da dama ɗalibi yana jin waɗannan abubuwa a lacca ne kawai, ya fita bai taɓa buɗe manhajar ba, sai kuma ya haɗu da ita a kwas na kwana ɗaya ko biyu wanda kamfanin da ke sayar da kayan ya shirya. Ba laifi ba ne kamfani ya koyar da kayansa, amma ba a tsammanin ya daɗe a kan iyakokinsu. Ki tambayi kowane likita inda ya fara koya.

Sabuwar Likitar Haƙori ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake zama a kan takardar, na cire tambayar ko mutum ya san dabarar gaba ɗaya, na maye gurbinta da tambayoyi a kan tazarar jijiya, da duba haɗin fayiloli, da wanda ke tsarawa, da inda aka koya, na kuma ware wuri domin wanda ya iya amma ya zaɓi kada ya yi, kamar yadda Malam ya bayyana. Saura abu ɗaya: idan likita ya ce yana amfani da faranti wajen huda ramin farko kawai, sannan ya cire shi ya ƙarasa da hannu, a wane rukuni zan sa shi?

Likitan Tiyatar Baki da Muƙamuƙi ya amsa:

Ki ba shi rukuninsa daban, Likita, domin suna da yawa. Faranti na ramin farko yana tsayar da wurin shiga da alkiblar farko, amma mahuzan da ke biyo baya da ƙusar kanta suna iya karkata zuwa inda ƙashi ya fi laushi, don haka daidaitonsa yana tsakanin na aikin hannu da na cikakkiyar jagora inda har ƙusar ke ratsa zoben. Wasu sukan zaɓe shi domin ba ya buƙatar sayen akwatin mahuza na musamman, wasu kuma domin yana barin ruwa ya isa ƙashi a sauran aikin. Ki tambaye su wanne daga cikin dalilan biyu ne nasu, sannan ki ƙara tambayar adadin ayyukan da suka yi da faranti a cikin watanni goma sha biyu da suka wuce, domin wanda ya yi guda ɗaya shekara uku da suka wuce shi ma zai ce miki yana amfani da shi.